HUKUNCIN ARON KARIN WAƘA DA HAƘƘIN MAI ITA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya hori bayinsa da mayar da amana ga masu ita. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wata mas'ala wadda ta daɗe a bakin sha'irai da mawaƙa a birnin Kano, watau mutum ya ɗauki karin waƙar wani, ko wani yanki na kiɗansa, ya ɗora nasa baitoci a kai, sa'an nan ya kai kasuwa. Waɗansu suna cewa wannan sata ce tsagwaronta. Waɗansu kuwa suna cewa ai kari iska ne, ba shi da mai shi, duk kunnen da ya kama ya zama nasa. Kowane ɓangare yana da abin da ya riƙa, sabo da haka ya kamata a bi maganar daki-daki, a ga abin da magabata suka aikata, da abin da malaman fiƙihu suka faɗa, da kuma abin da dokar ƙasa ta tanada.

YADDA ABIN YA FARO A KANO

Tun cikin shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori suka fara shigo da finafinan Indiya gidajen silima na Arewa. A farkon waɗannan shekaru ne aka buɗe silimar Palace a Jakara, kusa da kasuwar Kurmi, ita ce ta farko da aka gina a cikin ganuwa, kuma malamai da dattawan birni sun yi ƙyamar abin ƙwarai. Duk da haka waƙoƙin finafinan suka shiga kunnen jama'a, rediyo da kaset suka ƙara yaɗa su, har yaron da bai taɓa shiga silima ba ya iya rera karin Muhammad Rafi ko na Lata Mangeshkar, ba tare da ya san ma'anar kalma ko guda ba.

Da malaman makarantun Islamiyya suka ga haka, sai waɗansunsu suka yi dabara: suka cire kalmomin soyayya, suka zuba yabon Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, a kan karin da yara suka riga suka haddace. A gefe guda kuma ga bandiri, wanda Shehu Malam Nasiru Kabara, wanda ya rasu cikin 1996, ya yaɗa a tsakanin mabiya ɗarikar Ƙadiriyya. Abubuwan nan biyu suka haɗu a hannun samari masu bege, aka sami ƙungiyoyi irin su Ushaƙu Indiya, waɗanda kaset ɗinsu suka cika kasuwa cikin shekarun 1980 da 1990. Hujjarsu ita ce suna janye matasa daga waƙar banza zuwa ga son Manzon Allah. Masu suka kuwa, daga cikin 'yan Izala har da waɗansu malaman ɗariƙa, suka ce mai sauraro yana jin karin sai zuciyarsa ta koma ga rawar da ya gani a majigi, yabon ya zama rufi kawai. Wani mai bincike, Brian Larkin, da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero, sun yi rubutu mai yawa a kan wannan al'amari.

Daga 1990, shekarar da aka fitar da fim ɗin Turmin Danya, sana'ar finafinan Hausa ta kafu a Kano, aron karin Indiya ya ƙaru a cikin waƙoƙinta. Sa'an nan kwamfuta ta zo da wani sabon abu. A da mai aro shi ke rerawa da muryarsa, shi ke buga bandirinsa. Yanzu kuwa ana iya yanko ainihin kiɗan wani ko muryarsa daga faifai, a liƙa a cikin sabuwar waƙa, ko a ɗauko tsohuwar waƙar makaɗi da ya rasu a sake mata kiɗa a sayar. To, a nan ne tambayar haƙƙi ta fito fili.

ARO A WAJEN MAGABATA

Abu na farko da mai karatu zai riƙe shi ne, gina waƙa a kan ta wani ba baƙon abu ba ne a adabin Musulmi. Ishiriniya, wadda a ke rerawa a zaurukan birni musamman a watan Mauludi, aikin mutum biyu ce. Alfazazi, mutumin Andalus wanda ya rasu cikin 1230, shi ya tsara baitocin asali, ashirin ga kowane harafi. Daga baya Ibnu Muhibbi ya yi mata tahamisi, watau ya ƙara ɗango uku a gaban kowane baiti mai ɗango biyu, suka zama biyar. Har wa yau malamin Katsina, Ɗan Masani, ya yi mata sharhi cikin ƙarni na 17. Babu wanda ya ce Ibnu Muhibbi ɓarawo ne, domin bai ɓoye sunan Alfazazi ba, kuma almajirai sun san inda maganar wannan ta tsaya, ta wancan ta fara.

Haka kuma waƙar Tabbat Haƙiƙa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tsara ta da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ɗansa Isan Kware ya yi mata tahamisi. Hannu uku a waƙa ɗaya, kowa an san rabonsa. A ƙasar Masar kuma, a farkon ƙarni na 20, Ahmad Shauƙi ya bi bahari da ƙafiyar Burda ta Busiri ya tsara tasa, ya kira ta Nahjul Burda, watau tun daga sunan ya shaida wa duniya hanyar wanda ya bi. Irin wannan shi Larabawa ke kira mu'arada.

Ko ɗaukar kari daga waƙar duniya a mayar da shi na wa'azi, masu bandiri ba su suka fara ba. Masana adabin Hausa sun bayyana cewa Malam Aliyu Namangi na Zariya, wanda ya rasu cikin 1990, ya ɗora Infiraji a kan karin waƙar caji, domin ya ba mutane abin da ya fi ta amfani a cikin muryar da suka saba da ita.

RABE-RABEN MALAMAN BALAGA

Malaman balaga ba su bar wannan fage kara zube ba. Littafin Talhisul Miftahi na Ƙazwini, wanda ya rasu cikin 1338, da Uƙudul Jumani na Suyuɗi, wanda a ke karantawa a zauruka, duka sun rufe da bayani a kan satar waƙa. Sun fara da cewa akwai ma'anonin da kowa ya yi tarayya a cikinsu, kamar kwatanta jarumi da zaki ko mai kyauta da kogi. Wannan ba a cewa wane ya sata daga wane. Bayan wannan suka kasa ɗauka kashi uku. Idan mutum ya kwashe lafazi da ma'ana gaba ɗaya ya jingina wa kansa, sunansa nashu ko intihali, kuma sata ce abar zargi. Idan ya ɗauki ma'ana da wani sashe na lafazi ya sake tsari, sunansa igara, ana duba shi: in na biyu ya fi na farko kyau a yaba masa, in ya kasa a zarge shi. Idan kuwa ma'ana kaɗai ya ɗauka ya tufatar da ita da nasa lafazi, sunansa ilmami, shi ma da irin wannan ma'auni a ke auna shi.

Akwai kuma talmini, wanda shi ne ya fi kusa da yankan kiɗa na zamanin nan, watau sha'iri ya saka baiti ko ɗangon wani a cikin tasa waƙa yadda ya ke. Malamai sun halatta shi da sharaɗin a yi nuni ga mai shi, sai fa in baitin ya shahara har masana ba za su ruɗe ba. Abin lura a nan shi ne, ma'aunin da suka kafa yana da ƙafa biyu: kada a ɓoye asali, kuma mai aro ya zo da ƙari na kansa.

Shi kansa Suyuɗi, wanda ya rasu cikin 1505, ya ɗanɗana zafin abin. Da wani ya kwashe masa littafi bai ambace shi ba, sai ya rubuta wata maƙala da ya kira Alfariƙu bainal Musannifi was Sariƙi, watau mai rarrabe mawallafi da ɓarawo. Magabata kuma sun kasance suna cewa albarkar ilmi tana cikin jingina magana ga wanda ya faɗe ta. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya kamanta mai tinƙaho da abin da ba a ba shi ba da wanda ya sa tufafi biyu na ƙarya. Sabo da haka da'awar abin wani haramun ce ko da babu kwabo a cikin maganar.

SHIN KARI DUKIYA NE?

Saura maganar kuɗi, kuma a nan ne malamai suka yi saɓani. Magabatan Hanafiyya sun tafi a kan cewa dukiya ita ce abin da a ke iya riƙewa a adana. Malikiyya da Shafi'iyya da Hambaliyya kuwa suna ganin amfani shi ma dukiya ne, shi ya sa a ke hayar gida da ijarar ma'aikaci. Sun kafa hujja da cewa Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya aurar da wata mace ga wani sahabi a kan ya koya mata abin da ya haddace na Alƙur'ani, ga shi kuwa sadaki ba ya zama sai da abin da ke da ƙima.

Da injin ɗab'i ya yaɗu, waɗansu malamai, irin su Mufti Muhammad Shafi'i na Pakistan, suka ƙi yarda da sayar da haƙƙin wallafa. Suka ce wanda ya sayi littafi ya mallake shi, yana da ikon yin abin da ya ga dama da shi, kuma hana kwafa yana kama da ɓoye ilmi, wanda hadisi ya yi wa mai shi gargaɗi da linzamin wuta. Mafi yawan malaman zamani suka amsa cewa mawallafi bai ɓoye kome ba, ga littafinsa a kasuwa, abin da ya hana shi ne wani ya girbe gonar da bai nome ba. A taronta na biyar a Kuwait, daga 10 zuwa 15 ga Disamba 1988, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke ƙuduri na 43, cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne na masu su, al'adar zamani ta ba su ƙimar dukiya, shari'a tana kiyaye su, kuma ba ya halatta a yi ta'adi a kansu. Wannan ya shiga ƙarƙashin aya ta 29 ta Suratun Nisa'i, wadda ta hana cin dukiyar juna da ɓarna sai ta hanyar ciniki bisa yarda.

To, amma dole a rarrabe abu biyu da mutane ke cuɗawa a ƙarƙashin kalmar kari. Akwai bahari, watau ma'aunin gaɓoɓi, irin guda 15 da Halilu ɗan Ahmad ya tsara, Ahfash ya ƙara na 16. Wannan na kowa ne, kamar hanya ce da kowa ke bi, haka ma sautin kalangu ko na kotso da aka gada kaka da kakanni. Akwai kuma murya ta musamman, hawa da saukar da wani mutum sananne ya zauna ya tsara, wadda da an ji ta a ke cewa ta wane ce. Wannan aikin mutum ne da guminsa. Bayan su kuma akwai shi kansa faifan da aka ɗauka, wanda aka kashe kuɗi aka biya makaɗa kafin ya samu. Mai cewa kari iska ne ya yi gaskiya a kan na farko, amma maganarsa ba ta kai ga sauran biyun ba.

Wani zai ce ai malamai sun yi saɓani a kan kiɗa kansa. Haka ne. Mai Risala, Ibnu Abi Zaidin, ya hana sauraron kayan kiɗa, ya keɓe duffi a wajen aure, alhali Imamu Gazali a cikin Ihya'u ya yi rangwame da sharuɗɗa. Wanda ya tafi a kan haramci, to, a wurinsa abin ba shi da ƙimar da shari'a za ta biya, amma kuma shi ne ya fi kowa cancantar ya nisance shi. Ba ya yiwuwa mutum ya ce abu haramun ne domin ya guje wa biyan mai shi, sa'an nan ya ce halal ne domin ya sayar. Wanda ya halatta wa kansa ribar, ya lazimta wa kansa haƙƙin.

Wani kuma zai ce mai karin ba Musulmi ba ne. Da fari dai, da yawa daga cikin mawaƙan finafinan Indiya Musulmi ne, kamar Muhammad Rafi da Naushad. Ko da ba Musulmi ba ne, dukiyar wanda a ke zaman amana da shi ba ta halatta. A daren Hijira an bar Sayyidina Aliyu a Makka domin ya mayar wa Ƙuraishawa ajiyarsu. Buhari kuma ya ruwaito cewa Mugira ɗan Shu'uba ya zo Musulunci da dukiyar da ya karɓe ta hanyar yaudara, aka karɓi Musuluncinsa, aka ƙi dukiyar.

ABIN DA DOKAR ƘASA TA TANADA

A shekarar nan ta 1988 gwamnatin soja ta Janar Ibrahim Babangida ta kafa doka mai lamba 47 a kan haƙƙin mallakar fasaha, aka kafa majalisar da ke kula da ita cikin 1989, wadda daga baya ta zama hukuma. Cikin 1993 Nijeriya ta shiga yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda Indiya ma tana ciki, watau aikin Ba'indiye yana da kariya a Kano kamar yadda na Bakano ke da ita a Indiya. Aya ta farko ta Suratul Ma'ida kuwa ta yi umurni da cika alkawura. A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar doka wadda ta maye gurbin ta 1988.

Dokar ta ba mai waƙa ikon hana a kwafi aikinsa, ko a sarrafa shi zuwa wata siffa, sai da izninsa. Ta ba shi haƙƙin a ambaci sunansa, da na ƙin yarda a ɓata masa aiki ta yadda zai zubar masa da mutunci. Haƙƙin waƙa yana wanzuwa har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai ita ya rasu, na faifai kuwa shekara 50 ne. Alal misali, Alhaji Mamman Shata ya rasu cikin 1999, don haka haƙƙin waƙoƙinsa ba zai faɗi ba sai ƙarshen 2069. Duk da haka dokar ba ta toshe ƙofa ba, ta bar damar ɗaukar yanki gwargwado domin nazari, da sharhi, da koyarwa, da ba da labari. Bayan wa'adi ya cika kuma aiki ya zama na jama'a.

DARUSSA DAGA WAƊANSU ƘASASHE

Cikin 1939 wani Bazule mai suna Solomon Linda ya ɗauki waƙarsa Mbube a faifai a Johannesburg, aka sallame shi da 'yan sulalla. Turawa suka sake mata riga, ta zaga duniya, har ta shiga wani fim na kamfanin Disney cikin 1994. Shi kuwa ya rasu cikin 1962 a matalauci, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai cikin 2006 'ya'yansa suka sami sulhu aka fara biyansu. Cikin 1991 wata kotu a New York ta hana sayar da faifan mawaƙi Biz Markie sabo da ya yanko kiɗan Gilbert O'Sullivan ba da izni ba, alƙalin ma ya buɗe hukuncinsa da umurnin Attaura mai hana sata. Tun daga nan neman izni kafin yanka ya zama al'ada a Amurka.

Su ma Indiyawa sun taɓa kai ƙara. Cikin 2002 wata waƙar Amurka ta ɗauki muryar Lata Mangeshkar daga wani fim na 1981, mai tsara kiɗan, Bappi Lahiri, ya je kotu a Los Angeles, cikin 2003 aka hana sayar da faifan sai an rubuta sunansa. Alhali shi ma an san ya ɗauki karin wata waƙa ta Mory Kante, mutumin Gini, ya sa a wani fim na 1990. Wannan ya nuna aro ba ta hanya ɗaya ya ke tafiya ba, kuma wanda ya halatta ɗaukar na wani yau, ba shi da bakin kuka gobe in an ɗauki nasa.

TAƘAITAWA

Abin da ya fito daga wannan bayani shi ne, bahari da salon gargajiya da ma'anoni na tarayya halal ne ga kowa, babu mai ikon killace su, domin da an killace da ba a sami tahamisi ko mu'arada ba. Jingina wa kai abin wani haramun ne a kowane hali, ko an sami kuɗi ko ba a samu ba. Rera karin wani a makaranta domin koyar da yara, ba da ciniki ba, abu ne mai sauƙi, amma ya kyautu malami ya san inda karin ya fito, ya guji wanda ke tuna wa mai sauraro alfasha, domin yabon Annabi ya fi ƙarfin a sa masa rigar da za ta jawo masa raini. Idan kuwa za a kai kasuwa, ko a sa a intanet inda a ke biyan mai waƙa gwargwadon masu sauraro, to, wajibi ne a nemi iznin mai ita ko magadansa, a daidaita a kan rabo, a rubuta, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi horo da rubuta bashi. Kyawun niyya ba ya sauke haƙƙin wani, kamar yadda ba a gina masallaci a filin ƙwace.

Masu haƙƙi su ma akwai nasu. Ya kamata su sauƙaƙa wa ƙananan mawaƙa, kada su tsawwala, domin babu makaɗin da bai koya daga wani ba, kuma hadisi ya yi addu'ar rahama ga mai rangwame a saye da sayarwa. Sha'iran birni kuwa, Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Garin da ya gaji Ishiriniya da Infiraji bai rasa murya tasa ta kansa ba, in an zauna an yi aikin.

Wanda ya san ya ci haƙƙin wani ta wannan hanya, ƙofar gyara a buɗe ta ke: ya bayyana sunan mai abu, ya nemi yafewa, ya biya abin da ya sawwaƙa tun a nan duniya, kafin ranar da babu dinari babu dirhami, sai a ɗebi lada a biya. Allah shi ne Masani. Allah ya tsare Musulmi daga cin haƙƙin bayinsa, amin.